Masu Riƙon Littafi a Yola da Jimeta: Tarihin Aikin Sa Kai

Duk wanda ya san babban birnin Jihar Adamawa ya san gari biyu ne a haɗe. Akwai Yola, tsohon gari, inda fadar Mai Martaba Lamido take da gidajen manyan malamai. Akwai kuma Jimeta a bakin kogin Binuwai, inda babbar kasuwa take, da ofisoshin gwamnati, da tashoshin mota. A cikin garuruwan nan biyu da kewayensu akwai manyan makarantu, watau Jami'ar Modibbo Adama da ke kan hanyar Girei, da Kwalejin Ilmi ta Tarayya, da Kwalejin Fasaha ta jiha, da Jami'ar Amurka ta Nijeriya. Kowace daga cikinsu tana da laburarenta, amma an gina shi ne domin ɗalibanta da malamanta.

To, yaron firamare na Luggere ko Doubeli ko Wuro Hausa fa, wanda ubansa ba shi da halin saya masa ko littafin aji, ina zai sami na karantawa? Haka nan tela, da direba, da matar aure wadda ta bar makaranta tun tana aji huɗu? Irin waɗannan mutane su ne aka ƙago laburaren jama'a dominsu. Idan aka bi tarihin littafi a Yola tun daga kafuwarta cikin 1841, za a ga cewa mafi yawan lokaci waɗanda suka riƙe littafi, suka tsare shi daga gara da ruwa, suka kuma miƙa shi ga mai bukata, mutane ne da ba wanda ya ɗauke su aiki, ba kuma wanda ya biya su.

ZAMANIN MODIBBAI

Modibbo Adama, wanda aka sa wa jihar sunansa, malami ne kafin ya zama sarki. Kalmar Modibbo ma da Fillanci ma'anarta malam ce. Ya yi karatu a Barno, ya karɓi tuta daga hannun Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya zauna a Gurin da Ribadu kafin ya kafa Yola cikin 1841. Bayan rasuwarsa ɗansa Lamido Lawal ya gaje shi, kuma a zamaninsa ne malamai suka riƙa tahowa daga yamma suna zama a ƙasar Fombina. Mafi shahara a cikinsu shi ne Modibbo Raji, wanda ya taso daga Gwandu, ya zauna a Yola, ya yi rubuce-rubuce da Larabci da Fillanci, ya kuma bar almajirai masu yawa.

A wancan zamani babu injin buga littafi a ƙasar, saboda haka kowane littafi da hannu ake rubuta shi. Takarda kuwa daga nesa take zuwa. Mafi yawanta ta ƙasar Italiya ce, mai alamar jinjirin wata uku, wadda fatake ke ratso Hamada da ita daga Tarabulus zuwa Barno da Kano. Tawada a gida ake haɗa ta da ƙaro, alƙalami na gamba ne, in an gama rubutu a sa littafin cikin tadarishi, a zura shi a gafaka, a rataye. Mai son mallakar Risala ko Ashafa ko Muhtasar sai ya je wurin malamin da ke da shi ya roƙi aro, ya zauna watanni yana kwafa, in ya gama ya mayar wa mai shi. Ta haka littafi ɗaya kan haifi goma.

Zauren malami shi ne laburaren wancan lokaci. Ba a biyan kuɗin shiga, ba a rubuta sunan mai aro a rajista, amana ce kawai ke tsare littafi. In malami ya rasu, 'ya'yansa su raba littattafan gado, ko kuwa wanda ya fi karatu a cikinsu ya riƙe wa sauran. Wasu gidajen sun riƙe wannan amana har zuwa zamanin nan. Misali, littattafan Modibbo Ahmadu Fufore, malami kuma alƙali, iyalinsa ne suka adana su shekara da shekaru a Yola. Daga baya aka yi aikin sharewa da gyaran su tare da taimakon Michaelle Biddle, wata ƙwararriya kan adana tsoffin takardu daga Jami'ar Wesleyan ta Amurka, wadda ta fara zagayen duba irin waɗannan littattafai a Arewa cikin 2008. Gidan Arewa na Kaduna, wanda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, shi ya ɗauki nauyin tsara su. Da iyalin nan sun yi sakaci na damina biyu ko uku, da masana ba su tarar da kome ba.

ƊAKIN KARATU NA EN'E

Sojojin Ingila sun ci Yola da yaƙi cikin watan Satumba na 1901, Lamido Zubairu ya fita daga garin. Bayan haka Jimeta ta bunƙasa saboda jiragen ruwa da ke hawowa Binuwai da damina, da kantunan kamfanoni, da ma'aikatan gwamnati. Boko ya shigo, amma littattafansa suka tsaya a makaranta da gidajen Turawa. Ko a Ikko ma, laburaren da aka buɗe cikin 1932 da gudummawar Dala 6,500 daga asusun Carnegie na Amurka, sai mai biyan kuɗin shekara ke shigarsa, mafi yawansu kuwa Turawa ne.

Yaƙin Duniya na Biyu shi ya kawo ɗakin karatu cikin garuruwan Arewa. Gwamnatin Turawa tana so jama'a su ji labarin yaƙi daga bakinta, saboda haka aka umarci hukumomin En'e su buɗe ɗakuna inda za a ajiye jaridu da hotuna da 'yan littattafai. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa cikin Janairu na 1939, tana cikin abin da aka fi rububi a kai. Mai iya karatu ɗaya kan karanta da ƙarfi, mutum goma suna saurare. A daidai wannan lokaci ne kuma matasa 'yan boko suka soma kafa ƙungiyoyin karatu da muhawara don kansu, irin wadda su Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi a Bauci. Daga irin waɗannan zaurukan ne siyasar Arewa ta tsiro.

Bayan yaƙi aka shiga Yaƙi da Jahilci. Hukumar NORLA ta Zariya ta buga ƙananan littattafai masu araha, ta kuma fitar wa larduna jaridunsu: Sodangi ta Kano, Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato, Albishir ta Barno, Ardo kuwa ta lardin Adamawa. Cikin 1952 aka kafa laburaren Jihar Arewa a Kaduna, wanda ke aika akwatunan littattafai zuwa ɗakunan karatu na En'e da makarantu, in an gama da akwati a mayar, a karɓo wani.

Amma ɗakunan karatun nan suna da rauni tun daga tushe. Sau da yawa wanda aka ba tsaron ɗakin ba a koya masa aikin ba. Littattafan da ke ciki galibi na Turanci ne, an kuma rubuta su ne domin mutanen wata ƙasa. Uwa uba, jama'ar gari ba su ɗauki ɗakin nasu ba ne, na En'e ne, kamar gidan yari ko ofishin haraji. Cikin 1963 gwamnatin Arewa ta gayyato wani masani daga Ostareliya, F. A. Sharr, ya zagaya ya rubuta rahoto kan bukatun laburare a Arewa. Daga cikin amfanin da aka samu bayan rahoton akwai sashen koyar da aikin laburare da aka buɗe a Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1968.

GWAMNATI TA ƊAUKA, KUƊI YA YANKE

Da aka raba ƙasa jiha 12 cikin 1967, aikin laburaren Kaduna ya rabu tsakanin jihohin Arewa shida, Yola ta faɗa cikin Jihar Arewa maso Gabas mai hedkwata a Maiduguri. Cikin Fabrairu na 1976 aka ƙirƙiro Jihar Gongola, Yola ta zama babban birni. A shekarar nan ce kuma aka soma shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, yara suka cika azuzuwa. Kuɗin man fetur yana shigowa, jihohi suka kafa hukumomin laburare, aka ɗauki ma'aikata, aka yi odar littattafai daga Ingila. A lokacin kowa ya ɗauka maganar littafi ta zama ta gwamnati, jama'a suka naɗe hannu.

Ba a jima ba farashin mai ya faɗi. Cikin 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu, aka karya darajar Naira. A farkon shekarar nan Naira ɗaya ta kusa daidai da Dala ɗaya, amma cikin 1987 sai da wajen Naira 4 ake samun Dala. Littafin waje ya yi tsada, na gida ma haka, domin takarda da tawada daga waje ake sayo su, masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku da Iwopin kuwa suka yi ta tangal-tangal har suka tsaya. A yawancin jihohin ƙasar nan kasafin laburare ya koma na albashi kawai. Gini yana nan, ma'aikata suna zuwa, amma sai a shekara da shekaru ba a sayi sabon littafi ba. Ran 27 ga Agusta 1991 aka raba Gongola gida biyu, Adamawa da Taraba, sabbin jihohin kuma kowace ta tarar da bukatu sun fi ƙarfin aljihunta.

Ita kanta ƙasar Yola ba ta raga wa littafi. Zafin bazara kan wuce awo 40, ya busar da takarda ta riƙa karyewa. Hunturu ya kawo ƙura, damina ta kawo laima da gara. Ga kuma ambaliyar Binuwai, kamar wadda aka yi cikin 2012 da 2022 bayan an saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru. Ɗakin littattafan da ba a buɗewa kullum, ba a kaɗe shi, ba a duba rufinsa, 'yan shekaru kaɗan sun isa ya zama abincin gara.

YADDA WASU ƘASASHE SUKA YI

Mai karatu zai so ya san cewa ko a ƙasashen da ake ganin sun ci gaba, laburaren ƙaramin gari bai tsaya da ƙafar gwamnati kaɗai ba. A Amurka, ɗimbin laburaren ƙananan garuruwa ƙungiyoyin mata ne suka fara su. Su tara littattafai gida gida, su ari ɗaki a bayan wani kanti, su riƙa karɓa-karɓa wajen tsaronsa, sai abu ya kafu sa'an nan hukumar gari ta karɓa.

Attajirin nan Andrew Carnegie ya ba da kuɗin gina laburare 2,509 tsakanin 1883 da 1929, amma da sharaɗi. Tilas gari ya ba da fili, ya kuma yi alkawarin kashe kashi 10 cikin 100 na kuɗin ginin kowace shekara wajen tafiyar da shi. Garin da bai yarda ba, ba ya samun ko bulo ɗaya. Carnegie ya gane cewa gini shi ne mai sauƙi, riƙon yau da gobe shi ne aiki.

Daga baya aka sami ƙungiyoyin da ake kira Abokan Laburare. An kafa irinta a Faransa cikin 1913 domin taimakon babban laburaren ƙasar, a Amurka kuma aka fara a wani ƙaramin gari mai suna Glen Ellyn a jihar Ilinois cikin 1922. Aikinsu a bayyane yake. Mambobi suna biyan kuɗin shekara, suna sayar da tsoffin littattafai su sayi sabbi, suna karanta wa yara labari, in kuma majalisar gari ta tashi rage kasafin laburare, su cika zauren majalisar su ce ba su yarda ba. Har yau akwai dubban irin waɗannan ƙungiyoyi.

GIDAUNIYAR KARATU

Abin da ya fi kama da wannan a Yola ya zo ne bayan buɗe Jami'ar Amurka ta Nijeriya, wadda Alhaji Atiku Abubakar ya kafa, ta kuma ɗauki ɗalibanta na farko cikin 2005. Shugabar laburaren jami'ar ta farko, Martha Speirs, ta lura da tazarar da ke tsakanin abin da ke cikin harabar jami'ar da abin da ke bayan katangarta. A ciki akwai littattafai da kwamfuta da intanet. A waje kuwa akwai makarantun firamare da yaro zai gama su bai taɓa riƙe littafin labari ba. Saboda haka, tun a shekarun farko na jami'ar, ta haɗa kai da wasu mutanen gari aka kafa wata gidauniya ta sa kai, aka raɗa mata suna da Hausa, Karatu.

Dabarar gidauniyar ita ce, maimakon a jira a gina babban laburare guda a tsakiyar gari, a kai littafi inda yara suke. Aka riƙa neman gudummawar littattafai, galibi daga ƙasashen waje, ana rarraba su ga ƙananan ɗakunan karatu a makarantu da unguwannin Yola da Jimeta, ana kuma koya wa waɗanda za su tsare ɗakunan yadda ake aikin. In aka duba da kyau, wannan ita ce tsohuwar dabarar akwatin Kaduna ta dawo, sai dai a wannan karo 'yan sa kai ne ke ɗauke da akwatin.

Wanda bai taɓa irin wannan aiki ba zai zaci da littattafai sun iso an gama. Alhali kuwa a nan ne wahalar take farawa. Ƙungiyoyi irin su Books for Africa ta Amurka, wadda aka kafa cikin 1988, da Book Aid International ta Ingila, wadda asalinta ya koma 1954, suna aiko da littattafai Afirka da yawa. Amma daga tashar jiragen ruwa ta Ikko zuwa Yola tafiyar kwanaki ce a babbar mota, kuma wani ne zai biya kuɗin. In kaya sun sauka, sai an buɗe kwali ɗaya bayan ɗaya, a ware na ƙananan yara da na sakandare da na manya, a fitar da wanda ya yage da wanda bai dace da tarbiyyar gari ba. Sa'an nan a buga wa kowane hatimi, a ba shi lamba, a shigar da shi rajista. Sai a nemo kafinta ya yi kanta, a ɗaga ta daga ƙasa saboda gara, a toshe inda rufi ke yoyo.

Bayan wannan duka sai babbar tambaya, watau wa zai buɗe ƙofa? Ɗakin karatu na makaranta yakan mutu ne ta hanya ɗaya. Hedimasta ya ji tsoron kada littafi ya ɓace a tuhume shi, sai ya kulle su a kabad ya sa makulli a aljihu. In baƙi sun zo a buɗe a nuna musu, in sun tafi a mayar a rufe. Saboda haka masu irin wannan aiki suka fi ba da ƙarfi ga horad da mai tsaron ɗaki, har ya yarda cewa littafin da ya tsufa a hannun yara ya biya kuɗinsa, wanda ya ɓata kuwa shi ne wanda ya shekara goma sabo fil a cikin kabad.

MAGANAR HARSHE

Akwai wata matsala da kyautar waje ba ta iya magancewa. Yaron Jimeta da Hausa yake wasa, na cikin Yola sau da yawa da Fillanci, ga kuma masu Bata da Verre da Bachama da Kilba da Margi da sauran harsunan jihar. In aka miƙa wa ɗan aji biyu littafin Turanci mai labarin ƙanƙara da wata dabba da bai taɓa gani ba, hoto kawai zai kalla ya ajiye. Masana ilmi sun daɗe da tabbatar da cewa yaro ya fi saurin koyon karatu da harshen da yake ji, in ya iya kuma sai ya haye zuwa Turanci ba da wahala ba.

Jami'ar Amurka ta gwada maganin wannan a zamanin shugabancin Dokta Margee Ensign, wadda ta kama aiki cikin 2010. A ƙarƙashin wani shiri mai suna STELLAR, ɗaliban jami'ar suka riƙa zuwa makarantun firamare na gari suna koya wa yara karatu da lissafi bayan an tashi, suka kuma rubuta ƙananan littattafan labari da Hausa da Fillanci da Turanci. Ƙananan littattafai ne, amma sunayen da ke ciki irin na yaran ne, labarin kuma irin na unguwarsu. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

LOKACIN GUDUN HIJIRA

An gwada ƙarfin aikin sa kai a Yola cikin 2014. A ƙarshen watan Oktoba na shekarar nan 'yan Boko Haram suka kama Mubi, gari na biyu a girma a jihar, bayan sun riga sun mamaye Madagali da Michika. Mutane dubbai ɗaruruwa suka kwararo Yola da Jimeta. Kaɗan ne daga cikinsu suka shiga sansanin gwamnati. Mafi yawa gidajen 'yan'uwa da na bayin Allah suka sauka, har aka sami gidan da ke ɗauke da baƙi 30 ko fiye. Cocin Katolika na Saint Theresa a Jimeta, ƙarƙashin Bishop Stephen Dami Mamza, ya saukar da jama'a masu yawa, masallatai ma haka. Ƙungiyar Zaman Lafiya ta Adamawa, wadda malaman Musulunci da na Kirista da 'yan kasuwa da jami'ar suka kafa cikin Janairu na 2012, ta shiga rabon abinci.

Da aka ɗan sami abin sawa a baki, sai maganar karatun yara ta taso, domin makarantun arewacin jihar a rufe suke. Cikin 2015 jami'ar ta soma wani shiri na ciyarwa da karantarwa, inda ake ba almajirai abinci sau ɗaya a rana, a kuma koya musu karatun boko da lissafi. Daga baya aka buɗe na 'yan mata. Aka kuma yi wani shiri mai suna TELA da kuɗin hukumar ba da agaji ta Amurka, wanda ya kai ga yara wajen 22,000. Ana watsa darasi ta rediyo, a kowace unguwa kuma akwai wani mutumin gari da ke tara yara a zaure ko gindin bishiya, ya kunna akwatin, ya bi da su darasin. Duk wanda ya san zauren Modibbo na da, zai gane wannan zama.

Abin lura a nan shi ne, ranar da makaranta ta rufe, ofis ya watse, abin da ya rage wa yaro shi ne mutumin unguwa mai tabarma da 'yan littattafai. Haka aka gani a Tambutu ta ƙasar Mali cikin 2012 da 2013. Da 'yan bindiga suka kama garin, ƙungiyar iyalai masu tsoffin littattafai, wadda Abdulƙadir Haidara ke shugabanta, ita ce ta kwashe su a ɓoye cikin akwatunan ƙarfe, ta mota da ta kwalekwale, zuwa Bamako. Sun iya yin haka ne saboda ƙungiyarsu ta riga ta kafu shekaru kafin masifar ta zo, sun san juna, sun san abin da ke gidan kowa.

ABIN DA YA RAGE

Tarihin nan ya nuna ƙarfin aikin sa kai, ya kuma nuna inda yake da rauni. Zauren malami yakan watse in magada ba su bi sawu ba. Ɗakin En'e ya mutu da mutuwar En'e. Shirin da ya dogara ga baƙo yakan yi sanyi ran da baƙon ya koma ƙasarsu, wanda ya dogara ga kuɗin waje kuma yakan tsaya ran da wa'adin kuɗin ya cika. Cikin 2025 gwamnatin Amurka ta rushe ita kanta hukumar da ta ba da kuɗin shirin TELA. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Abin da garuruwan nan biyu ke bukata shi ne ƙungiyoyin Abokan Laburare na 'yan gari, unguwa unguwa, masu tsarin mulki a rubuce, da ma'aji, da littafin kuɗi da za a riƙa karantawa a gaban mambobi. Mutanen da za su yi aikin suna nan. Akwai malaman makaranta da suka yi ritaya, da matasa masu yi wa ƙasa hidima da ake turowa jihar kowace shekara, da ɗaliban manyan makarantu huɗu da aka ambata, da ƙungiyoyin mata, da 'yan kasuwar Jimeta waɗanda ba su taɓa gajiya da gina masallaci da coci da haƙa rijiya ba. Lissafin ma ba mai tsawo ba ne. In mutum 100 suka ɗauki alkawarin sayen littafi ɗaya kowane wata, a shekara an sami littafi 1,200, wanda ya isa ya cika ɗakin karatu na unguwa. Kano da Zariya kuwa cike suke da littattafan Hausa, tun daga Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja har zuwa na marubutan zamani, waɗanda mata da matasa ke karantawa ba sai an roƙe su ba.

Hukuma ma tana da nata rabon, kuma sharaɗin Carnegie ya isa abin koyi. Ƙaramar Hukumar Yola ta Arewa da ta Yola ta Kudu suna iya ba da ɗaki da albashin mai tsaro guda ga duk unguwar da ta kafa ƙungiya ta tara littattafanta. Hukumar laburare ta jiha ta horad da masu tsaron, a kuma tabbata kowane ɗaki yana da aƙalla mutum biyu da suka san aikin, don kada tafiyar ɗaya ta rufe ƙofa. A keɓe wa matan aure lokacinsu. Masu unguwanni da hakimai su sa ido, kamar yadda suke sa ido kan rijiya da maƙabarta. Gidajen da ke da tsoffin littattafan Larabci da ajami kuma a taimake su da akwatuna da hanyar ɗaukar hoton shafuka, littafin ya zauna a hannun masu shi, masu bincike su sami hoton.

Asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya sha faɗin cewa yaran Nijeriya fiye da miliyan 10 ba sa zuwa makaranta, mafi yawansu kuwa a Arewa suke. Cikin waɗanda ke zuwa ma, da yawa kan kai aji shida ba su iya karanta shafi guda ba. Ɗakin karatu na unguwa ba zai warkar da wannan duka ba, amma yana cikin 'yan magungunan da jama'a ke iya haɗawa da hannunsu, ba tare da jiran Abuja ko wata ƙasa ba. Mutanen Yola sun yi irin wannan aiki tun ana sayen takarda daga Tarabulus, sun kuma sake yin sa cikin 2014 a lokacin da ake gudun rai. Allah ya ba na yanzu ikon ɗorawa daga inda magabata suka tsaya.